Ƙarar Iyakwandishan ɗin Mota da Abin da Take Nufi

Jawabin da wani ɗan'uwanmu, bakaniken iyakwandishan a Tudun Wadan Zariya, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Ranar da sakataren ƙungiya ya same ni a gareji da takardar gayyata, ya ce bana ni aka zaɓa in yi jawabi a kan sana'ata, sai da na sa ya sake duba sunan da ke bayan ambulan. Bara likita ne ya yi mana bayani a kan hawan jini, bara waccan kuma lauya ne a kan takardun fili. Ni kuwa da na fi sabawa da kwanciya a ƙarƙashin mota, me zan faɗa wa darektoci da farfesoshi? Sai ya ce ai kusan duk wanda zai zo taron da mota zai zo, kuma babu mai motar da bai taɓa jin wata baƙuwar ƙara ya rasa inda ta fito ba. To, a kan wannan na yarda. Zan yi magana ne a kan ƙarar iyakwandishan, wanda yaran yanzu suke kira raɓa, da yadda mai mota zai iya gane inda matsala take da kunnensa kafin ya sa hannu a aljihu.

Bari in fara da laifina, don kada a ce na zo tonon asirin abokan sana'a na bar nawa.

Fiye da shekara talatin ke nan, ban daɗe da samun 'yanci daga wajen maigidana ba, na buɗe 'yar rumfata a nan Tudun Wada. Wata rana da hantsi sai ga malaminmu na kimiyya, Allah Ya jiƙansa, ya shigo da Fijo 504 ɗinsa. Duk wanda ya zauna a ajinsa ya san motar, kuma ya san yadda yake tattalinta. Ya ce da zarar ya kunna iyakwandishan sai ya ji wata ƙara kaf-kaf-kaf daga gaban mota, in ya kashe sai ta ɗauke. Ni kuma ga zumuɗin malamina ya zo wurina, ga son in nuna na iya. Na buɗe bonet, na saurara kamar na minti ɗaya, na ce, “Malam, kwamfireso ne ya tafi.” Bai yi mini musu ba. Ya tambayi kuɗin sabo, na faɗa masa, ya yi shiru, domin kuɗin ya fi albashinsa na wata. Bayan mako biyu ya kawo. Na je Sabon Gari na sayo, na ɗaura, na zuba gas, ya tafi.

Kwana uku sai ga shi ya dawo, ƙara tana nan yadda take. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a kan benci, ya cire tabarau yana gogewa kamar yadda yake yi in za a sha tambaya a aji, ya ce, “Kafin ka canja, me ka gwada?” Na rasa amsa. Ya ce, “A ɗakin gwaje-gwaje abu nawa na ce ku riƙa canjawa a lokaci guda?” Na ce ɗaya. Ya ce to tashi mu yi. Aka ta da mota, aka kunna, ƙara ta tashi. Ya sa na ɗauko wani guntun katako na danna jikin kwamfireso da ƙarfi. Nan take ƙara ta mutu. Na saki, ta dawo. Ashe a cikin notunan da ke riƙe ƙarfen da kwamfireso ke zaune a kai, na can ƙasa wanda ya kama jikin injin ya zube, ni kuwa da na sauke tsohon na ɗora sabo ko leƙa wurin ban yi ba. Noti guda, wanda a lokacin ko kuɗin kwanon tuwo bai kai ba. Tsohon kwamfireson kuma lafiyarsa lau, amma na riga na bari yara sun farke shi. Sai da na yi wata biyar ina biyan Malam da kaɗan-kaɗan, da na kai rabi ya ce ya yafe sauran. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban ji labarin a bakin kowa ba, yau ne na fara faɗa a bainar jama'a.

Domin a fahimci ƙarar, sai an san abin da ke motsi a ciki. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bin iska, in zai tafi kuma sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Haka ma in ma'aikacin asibiti ya goga maka sifirit kafin allura za ka ji wurin ya yi sanyi. Iyakwandishan wannan dabarar ce aka kulle a cikin bututu. Gas ɗin da ke ciki, irin wanda yawancin motocinmu ke amfani da shi, wato R134a, yana tafasa ne tun a awo 26 ƙasa da sifiri. Kwamfireso yana matse shi ya tura shi cikin kwandensa, wancan mai kama da lagireto da ke gaban mota, inda iska ke hura shi har ya zama ruwa. Daga nan ya bi ta diraya mai tsotse danshi, ya ratsa wata 'yar ƙaramar kafa ya fesu cikin ibaforeta da ke bayan dashbod. A nan yake tafasa ya kwashe zafin cikin mota, fanka kuma ta huro muku sanyin. Sai ya koma kwamfireso a sake zagayowa. Abu guda da nake so ku riƙe shi ne, man da ke shafe cikin kwamfireso tare da gas ɗin yake yawo. In gas ya ragu, mai ma ba ya dawowa yadda ya kamata.

To, ga gwajin da kowa zai iya yi a ƙofar gidansa, ba sifana ba sukundireba. Ka murza makulli har fitilun dashbod su kawo, amma kada ka ta da injin. Ka kunna fankar ciki, ka kai ta lamba ɗaya, biyu, har ƙarshe. In ƙarar ta fito a nan, kuma tana ƙaruwa da ƙarin gudun fanka, to ka gode wa Allah, domin injin ma bai tashi ba balle a zargi kwamfireso. Mu nan Zariya da muke son ajiye mota a inuwar darbejiya, rabin irin wannan ƙarar busasshen ganye ne da 'ya'yan darbejiya suka faɗa ta ƙasan gilashin gaba. Na sha ciro leda, na sha ciro sheƙar ɓera da ɓawon gyaɗa, sau ɗaya har da ƙadangare. In kuwa tsuwwa fankar take yi, musamman a lamba ɗaya, to motar fankar ce ta bushe, ƙurar hunturu ta cinye ta.

In ba a ji komai ba, sai ka ta da injin, iyakwandishan yana kashe, ka saurara sosai. Sa'an nan ka danna maɓallin, ka sake saurara. Ka yi haka sau uku ko huɗu. Tambayar ita ce, ƙarar tana nan ko an kunna ko ba a kunna ba, ko kuwa sai an kunna take zuwa? Amsar wannan tambaya ita ce rabin aikin bakanike, kuma wallahi da masu mota za su riƙa zuwa mana da ita, da an rage asara mai yawa.

Ƙarar farko da za ka ji in ka danna maɓalli ita ce ƙas guda ɗaya, injin kuma ya ɗan sauya murya. Wannan lafiya ce. Maganaɗisu ne ya jawo kulocin kwamfireso ya manne da fulin da bel ke juyawa. In bayan ɗan lokaci ya saki ya sake kamawa, shi ma ba komai. Amma in ya zama ƙas, ƙas, ƙas, duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, sanyi kuma bai kai yadda aka saba ba, to galibi gas ne ya yi ƙasa, na'urar da ke tsaron kwamfireso tana yanke masa wuta don kada ya yi aiki a bushe. Sai dai a lura, motoci da yawa na baya-bayan nan kwamfiresonsu ba shi da wannan kuloci, kullum yana juyawa, a ciki yake rage aiki ko ya ƙara. Kada wani ya ce maka tunda ba a ji ƙas ba kwamfireso ya mutu.

In kuwa da kunnawa sai ka ji ƙiiii kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo, musamman da safe ko in ka ba da wuta, to bel ne ke zamewa. Ko ya saki, ko ya tsufa ya yi santsi, ko abin da ke ɗaure shi ya gaji. Wannan aikin kuɗi kaɗan ne. Roƙona shi ne kada a yarda yaro ya goga masa sabulu ko ya ɗiga masa man birki. Ƙara za ta ɗauke na kwana biyu, bel kuma ya lalace gaba ɗaya. Akwai kuma lokacin da bel ba shi da laifi, kwamfireson ne ya fara cijewa, bel yana ja yana kasawa. Alamar wannan ita ce warin roba mai ƙuna, wani lokaci har da hayaƙi. In ka ji wannan wari ka kashe iyakwandishan nan take, ka sauke gilashi ka sha iskar Allah.

Wadda na fi jin tsoro ita ce gurnani, gurrr, kamar ana niƙa tsakuwa a nesa, wanda yake nan ko an kunna ko an kashe. Mutane suna raina shi saboda sanyi yana zuwa yadda ya kamata. Sau da yawa boris ɗin fulin kwamfireso ne, shi kuwa wannan fuli muddin injin yana aiki yana juyawa, kashe iyakwandishan ba ya hutar da shi. A zamanin 504 kwamfireso da bel ɗinsa yake, in ya cije sai a yanke bel ɗin a ci gaba da tafiya. Motocin yanzu kuwa, dogon bel guda ne yake zagaye altaneto da famfon sitiyari da kwamfireso, a wasu har da famfon ruwa. Akwai wani ɗan ajinmu, yana zaune a ɗakin nan, ba zan dubi inda yake ba. Na gaya masa boris ɗinsa yana kuka, ya ce sai bayan salla. Daren jajibiri, ya kwaso iyali daga Kano, sun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan boris ya cije, bel ya tsinke, fitilar batir ta kawo, sitiyari ya yi tauri, allurar zafi ta haye. Allah Ya sa ya tsaya bai matsa ba, da injin ma ya tafi. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya kira ni, ga mata ga yara a bakin daji, a irin halin da hanyoyinmu suke ciki. Ba zan faɗi abin da uwargidansa ta ce masa ba, amma na ji ta cikin waya.

Sai dai gurnani ba lallai daga kwamfireso yake ba, domin altaneto da fulin ɗaure bel su ma da boris ɗinsu. Yadda muke rarrabewa shi ne mu ɗora bakin dogon sukundireba a jikin kowane ɗaya, mu kafa kunne a kan mariƙin, kamar yadda likita ke sauraren ƙirji. Mai laifin ba ya ɓuya. Ko kuma a sauke bel a juya kowane fuli da hannu, a ji wanda ke ƙarar yashi. Amma don Allah, alhazai, wannan ku bar mana. Babbar riga da hannun kaftani da carbi ba sa shiri da bel mai gudu, fankar lagireto kuma takan tashi da kanta ba sallama.

Idan ƙarar sai an kunna take zuwa, ƙwanƙwasa ce ko gunji mai nauyi, a nan ne ake fara zargin cikin kwamfireso. Ko a nan ma, bayan abin da Malam ya koya mini, ba na yanke hukunci sai na duba abu uku. Na farko notuna da ƙarfen zama, da bututun da wataƙila ya saki yana bugun jikin mota, domin ramukan hanyoyinmu babu notin da ba sa kwancewa. Na biyu fankar kwandensa. In ta mutu, ko ƙura da laka sun toshe kwandensa, zafi ba ya fita, matsin gas ya hau, kwamfireso ya riƙa nishi. Mai irin wannan motar zai ce maka a kan hanyar Kaduna sanyi har ya yi yawa, amma in ya shiga cunkoson PZ ko kasuwar Sabon Gari da azahar a watan Afrilu sai zafi da gunji. Na uku, ina tambaya ko an ƙara gas kwanan nan.

Wannan na ukun yana buƙatar bayani, don a nan aka fi cutar mutane, wani lokaci ma da kyakkyawar niyya. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa ya ƙare. In ya ragu, to akwai inda yake zurara, kuma sau da yawa za ka ga wurin ya yi damshin mai ƙura ta manne. Ƙara gas ba tare da toshe kafar ba zuba ruwa ne a kwando. Sa'an nan kowace mota da nauyin gas ɗin da aka ƙayyade mata, a rubuce yake a wata 'yar takarda a ƙarƙashin bonet, yawancin ƙananan motoci tsakanin giram 500 zuwa 800. Da sikeli ake zubawa, bayan an zuƙe iska da danshin da ke ciki da injin zuƙa. Amma sai ka ga mai mota yana tsaye yana cewa, “Ƙara mini gwangwani ɗaya, ina son ta yi ƙanƙara.” In gas ya yi yawa sanyi raguwa yake yi, kuma yana iya komawa cikin kwamfireso yana ruwa-ruwa. Kwamfireso kuwa iska aka yi shi ya matsa, ruwa ba ya matsuwa. Ƙwanƙwasar da za ka ji ke nan, in aka ci gaba kuma sai ya farfashe.

In ya farfashe a ciki, garin ƙarfe yana bin bututu ya shiga ko'ina, man ya koma baƙi. Duk wanda ya ɗaura maka sabon kwamfireso a kan wannan datti bai wanke bututu ba, bai canja diraya da kwandensa da 'yar kafar feshi ba, to ka shirya sayen wani kafin damina ta zagayo. Kuɗin yana da ciwo, na sani, amma wannan wuri ne da bakaniken da ya faɗi kuɗi mai yawa shi ne mai gaskiya.

Akwai kuma batun irin gas ɗin. Mu da muka fara aiki da R12 mun ga sauyin da idonmu. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda aka yi saboda irin wannan gas yana cinye rufin sararin sama da ke tare mana zafin hasken rana, masu ƙera motoci suka koma R134a a farkon shekarun 1990, ƙasashe irin namu kuma aka ba su zuwa 2010 su daina. Man da ke tafiya da R12 daban, na R134a daban, haɗa su yana kashe kwamfireso. Yanzu kuma tun 2017 sababbin motocin Turai da wani gas suke fitowa, R1234yf, kuma sun fara iso mana a cikin na hannu. Saboda haka a riƙa duba takardar bonet. A kuma guji gas mai arahar banza. A 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil har aka rasa rayuka, da aka bincika sai aka tarar jabun gas ne aka zuba musu, mai wani sinadari da ba ya jituwa da alminiyon, kwamfireson mota kuwa kusan duk jikinsa alminiyon ne. Wasu kuma gas mai kama wuta, ɗan'uwan na girki, suke ɗura wa mutane. Yana sanyi, ba ƙarya, amma ibaforeta a gaban gwiwar matarka take.

Sauran ƙananan ƙararraki ba sai na daɗe a kansu ba. Huci shuuu na ɗan lokaci bayan an kashe mota, gas ne ke daidaita kansa, ba komai. Hucin da ba ya yankewa daga cikin dashbod tare da raunin sanyi, gas ya ragu. Motsin ruwa cakal-cakal in an sha kwana, da jiƙewar kafet ta wajen fasinja, 'yar mesar da ke zubar da raɓa ce ta toshe, aikin minti goma. Ruwan da kuke gani yana ɗiga ƙarƙashin mota in an tsaya, shi ne alamar tana buɗe. Ƙwas-ƙwas a bayan dashbod in an murɗa maɓallin sauya iska, haƙoran wata 'yar roba ne suka cinye. Kada dai kowa ya kwance bututu da kansa don ya ji ko akwai gas, domin matsin da ke ɓangaren zafi ya ninka na taya sau biyar ko shida, in kuma ya fesu a ido yana daskarar da shi.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na ga wata sabuwar cuta. Mutane da yawa, har da manya, sun kashe iyakwandishan wata da watanni don tattalin mai, ban kuwa ga laifinsu ba, ni ma na yi. Amma robobin da ke toshe mahaɗar bututu da bakin kwamfireso man nan ne ke jiƙa su, in an daɗe ba a kunna ba sai su bushe, gas ya sulale. Ranar da za a kai amarya ko a ɗauko suruki sai a danna maɓalli, a ji ƙara, ba sanyi. Maganin abin shi ne a kunna shi kamar minti goma a kowane mako, ko da a tsakiyar hunturu ne. Man da zai sha bai kai kuɗin roba ɗaya da gas ba.

In za ku kawo mana mota, ku zo da bayani: yaushe ƙarar ta fara, da safe ne ko in mota ta yi zafi, a tsaye ko a guje, da kunnawa ko babu, wa ya taɓa ta na ƙarshe. Wanda ke da babbar waya ya ɗauki ƙarar, domin mota tana da halin yaro, in an kai shi asibiti sai ya warke. In bakanike ya ce kwamfireso ne, ku yi masa tambayar da Malam ya yi mini, me ka gwada? Mai gaskiya zai nuna muku geji, ya nuna muku man, ya sa ku saurara da kunnenku. Ku kuma karɓi tsohon kayan da aka cire.

Shugaba yana nuna mini agogo. Na ga motocin malamanmu guda uku a waje, ɗaya ma tun tana shigowa na ji bel ɗinta. Na zo da yarana biyu da kayan aiki, bayan an ci abinci za mu duba su, kuma ba za mu karɓi ko kwabo ba. 'Yan ajinmu kuwa su same ni a gareji ranar Litinin, da kuɗinsu. Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, Ya kai kowa gidansa lafiya.